Yadda ake zaɓen tantin mutum ɗaya na kamun kifi a kan ƙanƙara

Hunturuna na farko a jihar Minesota ta Amurka a kan bokiti na yi shi. Wani abokin aikina ya kai ni wani tafki a arewacin Miniyafolis, ya huda mini rami a ƙanƙara, ya kifa bokitin fenti ya ce in zauna. Ni da na tashi a Yawuri, bakin kogin Kwara, gani nake babu abin da za a koya mini a harkar kifi. Ban cika awa biyu ba gashin bakina ya daskare, yatsuna suka ƙi ɗaura ƙugiya, na gudu mota ina kaɗuwa kamar mazari. Daga wannan rana zuwa yau na sayi tanti huɗu, na sayar da biyu, kuma duk wanda na rabu da shi dalili ɗaya ne: na saye shi don ya burge ni a kanti, ban yi lissafin cewa ni kaɗai zan ja shi ba.

A nan tafkuna kan daskare daga wajejen Disamba zuwa Maris. Jihar tana da tafki 11,842, kuma idan sanyi ya kankama sai ka ga gari guda a kan tafkin Mil Laks, har da gidaje masu taya da gado da talabijin. Ba waɗannan nake magana ba. Magana nake a kan ɗan tantin da mutum ɗaya zai sauke daga mota, ya ja da igiya, ya kafa cikin minti biyu, ya naɗe ya ƙara gaba idan kifi ya ƙi ci.

Abin da za ka tanada kafin ka je kanti

Tef na awo, da awon but ɗin motarka rubuce a takarda: tsawo, faɗi, da tsayin bakin ƙofa.
Kayan sanyin da za ka sa a kan tafki, musamman jibgegiyar rigar sanyi, safar hannu mai kauri da takalmi. Ka tafi sanye da su, kada ka ji kunya.
Sandar fatsar da ta fi tsawo cikin naka. Na ƙanƙara gajeru ne, galibi inci 24 zuwa 36.
Sikeli, ko da na awon mutum ne.
Tocila, idan tanti na hannu za ka saya.

Sai kayan da za su shiga cikin tantin, domin su ne za su nuna maka girman da kake buƙata: mahujin ƙanƙara, dagi na gwada kaurinta, babban cokali mai huji irin na tsamar ƙosai don kwashe dusa daga rami, hitar gas da tulunta, na'urar gargaɗin iskar guba, turakun ƙarfe masu murɗi, ƙaramin shebur, bokiti, da ƙusoshin ceto guda biyu da ake ratayawa a wuya don jawo kai waje idan ƙanƙara ta rufta. Idan ba ka sayi waɗansu ba tukuna, ka ari na aboki ka auna.

1. Ka fara da tambayar yadda za ka isa wurin kifi

Da ƙafa za ka je, ko kana da babur ɗin dusar ƙanƙara ko mai ƙafa huɗu? Amsar nan ita ce ke yanke rabin shawara. Mai inji yana iya jan abin da ya ga dama. Mai tafiya da ƙafa kuwa, kowane kilo sai ya ji shi a ƙugunsa, balle idan dusa ta kai gwiwa.

Akwai kuma batun kaurin ƙanƙara. Hukumar albarkatun ƙasa ta Minesota ta ce kada a taka ƙanƙarar da ba ta kai inci 4 ba, wato santimita 10, kuma wannan awon na sabuwar ƙanƙara ce garau mai kama da gilashi. Farar ƙanƙara mai haɗe da dusa rabin ƙarfin waccan gare ta, don haka sai ka ninka awon. A farkon kakar, lokacin da kifi ya fi ci, mota ba ta hawa, kowa da ƙafa yake shiga yana buga dagi a gabansa. Mai tanti mara nauyi shi ke cin wannan kasuwa.

Tambaya ta biyu: mazauni ne kai ko mayawaci? Wani yakan huda rami biyu ya wuni a kansu. Ni ina iya huda goma sha biyar kafin la'asar ina bin garken kifi. Ka faɗa wa kanka gaskiya.

2. Ka zaɓi iri

Iri biyu ne suka cika kasuwa, sai na uku da ya fara ja baya.

Na farko shi ne mai kifewa. Ƙasansa komi ne na roba, kamar wanda ake zuba wa shanu dusa, da kujera a ciki. Zanen tantin yana ɗaure jikin sandunan ƙarfe masu lanƙwasa. Ka zauna a kujera, ka miƙa hannu baya, ka jawo rufin ya kife a kanka, shi ke nan. Idan za ka tashi ka mayar da shi baya, ka watsa kayanka cikin komi ka ja. Wani masunci ɗan Minesota mai suna Dave Genz ne ya yaɗa wannan salo da tantinsa Fish Trap tun shekarun 1980, kuma kamfanin Clam yana yin sa har yanzu. Kamfanonin Otter da Eskimo su ma suna da nasu. Amfaninsa sauri, ga shi komin shi ne akwatin kayanka, kuma nauyin jikinka a kan kujera shi ke danne shi idan iska ta taso. Illarsa nauyi da cin wuri a mota, sannan a yawancin na mutum ɗaya ba ka iya miƙewa tsaye.

Na biyu shi ne mai cibiya. Kowane bango yana da cibiyar ƙarfe a tsakiya inda sanduna huɗu suka haɗu, ka jawo ta waje sai bangon ya buɗe fat kamar laima. Yana shiga doguwar jaka ka rataya a kafaɗa, bai kai rabin nauyin mai kifewa ba, ya fi araha, ya fi fili. Amma ba shi da ƙasa ba shi da kujera, dole ka nemi komi daban na jan kaya, kuma sai ka kafa turaku duk inda ka tsaya. Wanda ya murɗa turke huɗu ya kwance sau shida a yini ɗaya, ba zai so na bakwai ba. Abin da ke faruwa shi ne ka zauna a ramin da babu kifi saboda ƙyuyar tashi.

Na uku mai daɓe ne, wanda ke naɗewa kamar akwati, da ramuka a jikin daɓensa. Yana raba ƙafarka da ƙanƙara, amma dole ka huda ramukanka daidai inda nasa suke. Ba na ba sabon shiga shawarar sa.

Ra'ayina a taƙaice: mayawaci ya ɗauki mai kifewa, mazauni ko mai ƙaramar mota ya ɗauki mai cibiya. Ni yanzu duka biyun nake da su, amma mai kifewa ne ke fita sau huɗu cikin biyar.

3. Ka auna nauyi, ka auna mota

Nauyin da aka rubuta a kwali na tantin ne tsurarsa. Ka ɗora kayanka duka a sikeli ka haɗa: mahuji da batirinsa, hita, tulun gas, bokitin ƙananan kifin tarko da ruwansa, filas ɗin shayi. Za ka sha mamaki.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka ɗaga tantin kai kaɗai zuwa tsayin ƙugunka, domin haka za ka yi a bakin tafki da magariba, a gajiye, kana tsaye a kan santsi. Tantina na farko babba ne mai lallausar kujera, sai da mai kanti ya kama mini muka sa shi a mota. Ban lura da abin da hakan ke nufi ba sai da na isa tafki na waiwaya babu mai kanti. Sau uku kacal na fita da shi.

Ka gwada awon komin da na but ɗinka, kada ka manta kujera da sanduna suna ƙara masa tudu idan an naɗe. Ka tuna kuma da inda zai zauna wata takwas na shekara. Mai zama a bene hawa na uku ba shi da gareji, mai cibiya ne nasa.

Idan ka riga ka mallaki mai nauyi kuma babu halin canzawa, akwai dabara. Ka sami tsofaffin allunan zamiya na ƙafa guda biyu a kantin gwanjo, ka haɗa su da katako biyu a gicciye, ka ɗora komin a kai. Yana ɗaga shi sama da dusa, jan ya yi sauƙi ƙwarai. Ka kuma ƙara wa igiyar tsawo ka ɗaura a ƙugu maimakon riƙewa a hannu.

4. Ka shiga ciki ka zauna

Gani ya kori ji, zama kuma ya kori gani. Kada ka sayi tantin da ba ka zauna cikinsa ko cikin irinsa ba. A farkon Disamba ana yin bajekolin kayan kamun kifin ƙanƙara a birnin Sen Pol, inda kamfanoni ke kafa tantunansu a jere, kana iya gwada goma a rana ɗaya. Manyan kantunan kayan farauta ma suna kafa nasu.

Ka zauna da rigar sanyinka, ka rufe tantin gaba ɗaya. Ka ajiye hularka a ƙasa a matsayin rami, nesa da yatsun ƙafarka kamar taki ɗaya. Ka riƙe sandar fatsa ka fizge ta sama da ƙarfi kamar kifi ya ci. Idan bakinta ya bugi rufi ko bangon gaba, tantin ya yi maka kaɗan, domin a daidai wannan fizgar ake rasa kifi. A Minesota an yarda mutum ya saka fatsa biyu ta cikin ƙanƙara, don haka ka duba ko rami biyu masu faɗin inci 8 za su shiga, da hita a gefe, da na'urar hango kifi idan kana da ita. Hita tana son tazara daga zane. Na ga tantin da aka ƙona wa gefe har ya yi rami kamar faifai.

Ka zauna aƙalla minti goma. Kujerar da ta yi daɗi a minti na farko tana iya zama azaba a awa ta huɗu. Ka duba tana da majingina, kuma tana zamewa gaba da baya don ka kai hannu cikin komi ba tare da ka tashi ba. Ka duba inda ƙofa take. Idan a gaba take, duk fita sai ka tsallake ramuka da hita, kuma wata rana ƙafarka za ta faɗa rami har gwiwa. Ƙofar gefe ta fi.

Akwai abin da mai kanti ba zai tuna maka ba. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi a nan, don haka azahar da la'asar da magariba duk a kan tafki za su same ka, kuma kifin walai, wanda kowa ke nema, da faɗuwar rana ya fi ci. A cikin mai kifewa na mutum ɗaya babu wurin tsayuwa balle sujada. Abin da nake yi shi ne in buɗe rufin rabi ya tare mini iska, in shimfiɗa tabarmar soso a gefensa in ɗora darduma. Wanda yake son ya yi sallarsa a rufe cikin ɗumi, ya nemi mai cibiya da aka rubuta wa "mutum biyu", ya auna tsayin tsakiyarsa da nasa tsayin. Ka fito da alwalarka daga gida, ka kuma riƙe ruwan ɗumi a filas na dabam.

5. Zane: mai shafi ɗaya ko mai bargo

Za ka ga an rubuta 300D, 600D ko 900D. Wannan awon kaurin zare ne, ana ce masa deniya. Ƙaruwar lamba, ƙaruwar ƙarfi da nauyi. A ganina 600 ya ishi yawancin mutane.

Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne ko zanen shafi ɗaya ne ko kuwa mai bargo, wato shafi biyu da abin riƙe zafi a tsakiya, an ɗinke kamar bargon jarirai. A cikin mai shafi ɗaya, numfashinka da tururin hita suna taruwa a rufi su daskare, da wuri ya yi ɗumi sai su narke su riƙa ɗigo maka a ƙeya. Mai bargo ba ya yin haka sosai, yana rage shan gas, kuma ba ya kaɗawa da ƙara idan ana iska. Farashinsa da nauyinsa sun fi. A jihar da aka taɓa auna digiri 60 ƙasa da sifili a ma'aunin Farenhait, a garin Tawa cikin Fabrairun 1996, ni ban ga dalilin yin rowa a nan ba. Idan kuɗi bai kai ba, akwai masu bargo a rufi kawai. Idan wannan ma bai samu ba, ka sayi shimfiɗar nan mai ƙyalli da ake sa wa rufin gida, ka yanka ka cusa tsakanin sanduna da rufi.

Ka lura da duhun ciki. Zane baƙi yana sa ka ga cikin ramin tangaran idan ruwan garau ne, har ka ga ɗan kifin nan mai faɗi kamar karfasa yana shinshinar ƙugiya. Tagogi su kasance masu murfi, kuma waɗanda ake ɓallewa a canza, domin robar taga ita ce ke fara tsagewa a sanyi.

Sai geza, wato leɓen zanen da ke kwanciya a kan ƙanƙara kewaye da tanti. Mai faɗi ka nema, don a kanta ake tara dusa a toshe iska. Kada ka tara jiƙaƙƙiyar dusar da ta fito daga rami. Za ta daskare ta riƙe gezar, ka zo tashi ka yage ta.

6. Sanduna, zif da komi

Duk gwajin nan da safar hannu za ka yi shi. Sandunan mai kifewa suna zugewa ne da ɗan maɓalli, idan sai ka cire safa kafin ka danna shi, ka tuna za ka yi haka a sanyin da ƙarfe ke kama fata. Zif ya zama mai manyan haƙora da dogon mariƙi. Idan gajere ne ka ɗaura masa igiya. Ka danna gefen komi da gwiwa, kada ya lotsa kamar roba ta wanki. Mai zurfi ya fi riƙe kaya, mai ɗagaggen goshi ya fi hawa dusa. Idan za ka riƙa jan sa a kan tsakuwar wurin ajiye motoci, ka sa masa dogayen robobin kariya a ƙasa tun yana sabo, ka kuma sayi murfin tafiya don kada dusa ta cika shi.

7. Kafar iska

Wannan mataki ba na ciniki a kansa. Tantin da ba shi da kafar iska aƙalla biyu a sama, ka bar shi ko kyauta ne. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san labarin masu kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe lokacin hunturu, ko masu shigar da janareta cikin gida. Iskar ita ce dai, kabon monoksaid, ba wari ba launi. Hitar gas a ɗan tanti da aka toshe gezarsa da dusa tana iya tara ta.

Hitocin Mr. Heater da aka fi amfani da su suna da na'urar kashe kansu idan iskar shaƙa ta ragu, amma wannan ba ita ce na'urar gano guba ba. Ka sayi ƙaramar mai batir ka rataya kusa da kanka. Kafofin su zauna a buɗe muddin wuta na ci, ka riƙa kakkaɓe dusar da ke toshe su. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko barcin da ba ka san dalilinsa ba, ka kashe hita ka fita nan take. Kuma kada ka sayi hitar da ta fi ƙarfin tantin. Ƙaramar mai BTU 3,800, wato awon zafin da take bayarwa, ta ishi tanti mai bargo na mutum ɗaya a yawancin ranaku, mai 4,000 zuwa 9,000 kuwa a ƙaramin maki nake barin ta.

8. Turaku

Ka ƙirga turakun da ke cikin jaka, ka duba kowane bango na mai cibiya yana da igiyar ɗaurewa daga cibiyarsa. In babu ita, iska mai ƙarfi tana turo bangon ciki ya faɗo a kan hita. Ƙa'idar kafawa ita ce ka murɗa turke ɗaya a kusurwar da iska ke fitowa kafin ka buɗe ko bango ɗaya. Na koyi wannan ne ranar da na buɗe nawa na juya ɗauko turaku, na waiwayo na gan shi yana mirgina kamar kwando ya nufi tsakiyar tafki, ina bin sa da gudu a kan santsi, wasu dattawa biyu suna ta dariya daga ƙofar gidansu. Murɗa turke da hannu wahala ne. Akwai ɗan ƙarfen da ake sa wa injin huda katako mai batir ya murɗa maka, in babu shi ka fara huda ɗan rami da injin sannan ka murɗa. Mai kifewa kuma ka juya bayansa ga iska, kuma kada ka tashi daga kujera ka bar shi a buɗe ba turke.

9. Sabo ko na hannu

Farashi yakan faɗi a ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, lokacin da kantuna ke son kwashe kayan sanyi. Na hannu kuma suna cika Facebook a daidai wannan lokaci. Idan ka je dubawa, ka sa mai shi ya kafa a gabanka. Ka shiga ka rufe, hasken da ke shigowa zai tona duk wani huji. Ka shinshina, warin fumfuna ba ya fita. Ka haska tocila a lungunan komi ka nemi kashin ɓera, ka kifa komin ka duba ko ƙasansa ya cinye har ya yi fari-fari. Ƙaramin huji ana liƙe shi, karyayyar sanda ana samun madadinta, amma mataccen zif da fasasshen komi su ne ke sa araha ta zama tsada.

Wanda bai da kuɗin ko ɗaya a bana, komin roba da bokiti da kyawawan kayan sanyi sun isa a fara da su a ranakun da babu iska. Ka zauna ka ba iska baya, ka jingina komin a tsaye ya zama maka kariya.

10. Kafin fita ta farko, da bayan dawowa

Mai kifewa a wargaje yake zuwa cikin kwali, haɗa shi yana cin maraice guda. Ka haɗa a gida, ka kafa ka naɗe sau uku, na ƙarshen a cikin duhu da safar hannu. Mai cibiya yana da wuyar komawa jakarsa idan ya daskare, don haka ka koyi naɗinsa tun a falo.

Ka yanki lasisin kamun kifi. A Minesota tanti mai naɗewa ba ya buƙatar lasisin kansa muddin kana tare da shi, amma idan za ka yi nesa da shi fiye da ƙafa 200 ko ka bar shi ya kwana, sai da lasisi da shaidar mai shi a jiki. Jihar Wiskonsin da lardunan Kanada kowa da tasa doka, ka karanta ta inda kake. Tun 2023 kuma laifi ne a bar shara a kan ƙanƙara a Minesota, don haka ka ware wa ledar shara wuri a cikin komi.

Duk ranar da ka dawo, ka buɗe tantin a gareji ko a banɗaki ya bushe sarai kafin ka naɗe. Idan kaka ta ƙare, ka share ɓarɓashin abinci da ƙamshin kifi daga komi, ka goga wa zif kyandir, ka rataye shi sama ko ka sa zanen cikin akwatin roba mai murfi. Wata shekara na bar nawa a ƙasan gareji da ragowar gyaɗa a aljihun kujera, Disamba na zagayowa na buɗe na tarar ɓeraye sun yi gida a rufin, sun huda shi wuri bakwai.